Godiyar da Dufie Ta Manta

A garin Mampong akwai wata yarinya 'yar aji biyar, sunanta Dufie. Tana da ƙoƙari a makaranta, wannan ba mai musawa. Amma fa akwai rawar kai. In buƙatarta ta biya, shi ke nan, ba ta waiwaye.

'Yan ajinsu suna da wata zomanya fara sol, suna kiranta Sika. A bayan aji kejinta yake, kowa da ranar da yake ba ta abinci. Ranar da za a ba da dogon hutu, malaminsu, Malam Gyasi, ya tsaya a gaban allo.

"Wa zai tafi da Sika gida ya kula mana da ita?"

Kafin ya rufe baki Dufie ta miƙe, hannu a sama.

"Ni, Malam. Ai kiwon zomo ba wani abu ba ne."

"Haka kika ce?" in ji Malam. "To, amanar ajin nan ce gaba ɗaya. Yadda kika karɓe ta da rai, haka za ki dawo mana da ita."

Yara suka raka ta har bakin titi, suna leƙen kejin. Wata ƙawarta ta ce, "Dufie, in kika bari ta mutu, kada ma ki dawo makarantar nan." Kowa ya yi dariya, har da ita.

Mamanta tana sayar da soyayyiyar ayaba da wake a tasha. Da ta dawo da yamma ta ga keji a tsakar gida, sai ta riƙe haɓa.

"Wannan baƙuwar fa, daga ina?"

"Ta ajinmu ce, Mama. Ni aka zaɓa."

"Ke da ko tsintsiya ba kya tuna inda kika ajiye? To, Allah ya raba mu da abin kunya."

Ba a yi mako ba abin kunyar ya leƙo. Da safe Dufie ta tsinko ganyen rogo ɗanye shar, da raɓarsa da komai, ta cika wa Sika keji. Kafin azahar cikin Sika ya kumbura tim. Ta lafe a lungu, ta ƙi motsi, sai cizon haƙora take yi.

Dufie ta durƙusa gaban kejin. Ta taɓa cikin, ta ji shi da tauri. Maganar ƙawarta ta dawo mata, yanzu kuma ba ta ba ta dariya ba.

Sai ta tuna Malam ya taɓa nuna musu wani dandali a intanet, na masu kiwon zomo. Mutum yakan rubuta matsalarsa, waɗanda suka sani su ba shi amsa. Wanda amsa ta burge shi sai ya danna mata hoton ɗan yatsa. Akwai kuma wata koriyar alama, wadda mai tambaya kaɗai ke iya dannawa. In ya gwada wata amsa ta yi masa aiki, sai ya sa mata alamar, ta hau can sama, kowa ya san ita ce ta gaskiya.

Dufie ta ruga tasha, ta ari wayar Mama, ta rubuta matsalar Sika a dandalin.

Amsa ta fara zuwa. Wani mai kiran kansa Likitan Zomaye ya ce ta fasa kafso irin na mutane, ta jiƙa, ta ɗura mata. Wata ta ce manja za ta ba ta. Sai ga wani dattijo daga Obuasi, kowa a dandalin Kawu Bempa yake ce masa.

"'Yata, kwantar da hankalinki," ya rubuta. "Me kika ba ta da safe?"

Ta faɗa masa.

"To, kwashe ganyen nan duka. Kada ki ba ta maganin mutane, zai iya kashe ta. Ki sa mata busasshiyar ciyawa da ruwa mai tsabta. Ki riƙa shafa mata cikin a hankali, ki bar ta ta ɗan zagaya. Nan gaba kuma, ganye sai ya sha iska ya yi yaushi kafin ki ba ta."

Likitan Zomaye ya yi masa ba'a, ya ce tsoho bai san zamani ba. Abokansa suka yi ta danna masa yatsa. Kawu Bempa bai kula su ba. Ya zauna da Dufie a waya har la'asar, yana tambaya tana amsawa. A ƙarshe ya ce, "Gobe ki dawo ki faɗa mana yadda ta kwana. In ta warke, ki sa koriyar alama a kan amsar da ta yi aiki, don na baya su gani."

"To, Kawu," in ji Dufie.

Washegari cikin Sika ya saɓe. Ta tashi tana cin ciyawa kamar ba ita ba. Dufie ta yi tsalle, ta fice wajen ƙawayenta wasan tafi.

Da yamma Mama ta tambaye ta, "Kin gode wa mutumin nan kuwa?"

"Anjima zan yi."

"Anjiman nan taki ba ta zuwa."

"Mama, ai bai san ni ba. Mutumin cikin waya ne fa."

A daidai lokacin man da ke kan wuta ya fara ƙauri, Mama ta juya wajen kaskonta. Maganar ta bi iska. Dufie kuwa ko sau ɗaya ba ta sake leƙa dandalin ba.

Hutu ya yi nisa, har an fara ɗinkin kayan komawa makaranta. Wata safiya Dufie ta zo da ciyawa, ta leƙa kejin, sai ta ja da baya. Farin gashi ne ko'ina, kamar an yaga matashin kai. Sika ta sa haƙora tana tuge gashin ƙirjinta da kanta. Fatar wurin ta fito ja. Abincin jiya yana nan ba ta taɓa ba.

"Sika, me ya same ki?"

Ta miƙa hannu. Sika, wadda ba ta taɓa yi wa kowa faɗa ba, ta yi gurnani ta kawo mata cizo.

Dufie ta janye hannunta da sauri. Wannan ba kumburin ciki ba ne, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Mama ta bar wayar a gida tana caji. Ta ɗauka, ta yi wa Sika hoto, ta tura dandali. Ta rubuta, "Kawu Bempa, ka taimake ni. Sika za ta mutu."

Ta jira. Shiru.

Tana cikin jira sai ta ce bari ta duba tsohuwar tambayarta. Nan ta ga abin da ya tsinka mata zuciya. Ashe an yi ta rubutu a ƙasa ba ta sani ba.

Na farko daga Kawu Bempa ne. "Dufie, yaya Sika ta kwana?"

Na biyu ma shi ne. "'Yata, mun ji ki shiru. Lafiya dai ko?"

Can ƙasa kuma wani yaro ne daga Sunyani, sunansa Nimo. "Yaya Dufie, zomayena biyu cikinsu ya kumbura irin na taki. Wace amsa ce ta yi miki aiki? Ban ga koriyar alama ba. Don Allah ki amsa da sauri."

Bayan wannan ya sake rubutawa. "Na ba su kafson, don amsar nan ce ta fi yawan yatsu. Duka biyun sun mutu. Babana ne ya saya mini su."

Saƙon ƙarshe na Kawu Bempa ne. "Nimo ɗana, ka yi haƙuri, ina gona ban ga tambayarka da wuri ba. Jama'a, na gaji. Mutum ya bar aikinsa ya amsa, ba wanda zai dawo ya ce ya warke ko bai warke ba. Zan ɗan huta."

Tun daga ranar bai ƙara cewa komai ba.

Dufie ta zauna daɓas a ƙasa. Tsoro biyu ne suka haɗu mata, na Sika da na abin da ta jawo wa yaron da ba ta taɓa gani ba.

Wayar ta yi ƙara. Ta duba da sauri, amma ba Kawu ba ne. Likitan Zomaye ne.

"Ƙazuwa ce. Ki samo baƙin man mota ki shafe ta da shi."

Wani kuma ya ce, "Ku yanka ta tun da rai, ku sha miya da sakwara." Har da hoton dariya ya sa.

Dufie ta fashe da kuka. Ta share hawaye, ta je garejin da ke bayan gidansu, aka zuba mata baƙin mai a gwangwani. Ta dawo ta durƙusa gaban kejin. Ta tsoma yatsa a man. Sika ta kafe ta da jajayen idanu, tana haki.

Hannun Dufie ya ƙi gaba. In maganin ne fa, ta ƙi shafawa, Sika ta mutu? In kuma guba ne, ta shafa, ta kashe ta da hannunta? Ba wanda zai faɗa mata. Haka Nimo ya tsaya ranar nan, da kafso a hannu, yana jiran ta.

Ta ajiye gwangwanin, ta ruga gidan Malam Gyasi.

Ta same shi yana wanke babur ɗinsa. Da ya ga fuskarta sai ya ajiye tsumman.

"Dufie, lafiya? Ina Sika?"

"Tana nan, Malam. Amma... amma ba ta da lafiya."

Ta miƙa masa wayar. Ya kalli hoton, ya karanta saƙonnin tun daga sama har ƙasa. Sannan ya ɗago kai ya dube ta.

"Wace amsa kika bi wancan karon?"

"Ta Kawu Bempa."

"Ta yi aiki?"

"Ta yi, Malam."

"Wa kika faɗa wa?"

Dufie ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ba kowa, Malam."

"Ni lissafi na sani, ban san ciwon zomo ba," in ji Malam. "Likitan dabbobi kuma sai ranar kasuwa yake zuwa garin nan. Abu ɗaya zan ce miki, kada ki kuskura ki shafa mata man nan. Ki sa mata ruwa, ki bar ta. Sannan ki faɗa wa mamanki komai, kada ki rage."

"Malam, za ta mutu?"

"Ban sani ba, Dufie. Wanda ya sani, kin bar shi yana magana shi kaɗai."

Da yamma Mama ta dawo daga tasha. Ko kwanon kanta ba ta gama saukewa ba Dufie ta fara bayani, tana yi tana shessheƙa. Mama ta saurara har ƙarshe. Ranta ya ɓaci sosai.

"Amma kin ba ni kunya. A gidan nan kika koyi haka? Ranar da maƙwabciyarmu ta kai ki asibiti, me muka yi washegari?"

"Mun je gidanta da asuba."

"Muka yi me?"

"Muka ce mun gode da jiya."

"Sai kuma me?"

"Kika ce wa 'yan cocinmu su taya ki yi mata godiya."

"To. Haka muka gada. Wanda ya yi maka alheri, kafin rana ta fito kake buga masa ƙofa. Kuma ba a ɓoye ake yi ba, sai kowa ya ji. Ke kuma kin ce mutumin cikin waya ne. A cikin wayar yake kwana? Ba shi da gona? Ba shi da ciwon baya?"

"Bari in rubuta masa yanzu, Mama. In ce ya yi haƙuri ya duba Sika."

Mama ta karɓe wayar daga hannunta.

"A'a. Wannan ba godiya ba ce, roƙo ne ya yafa zanen godiya. Gobe da asuba za ki gode masa, godiya zalla. Ko sunan ciwon Sika ba za ki ambata ba."

"In ta mutu kafin nan fa?"

Mama ta dube ta, muryarta ta ɗan yi laushi.

"Tambayarki tana can, duk mai ido zai gani. Mutumin nan ya rufe ƙofarsa. Ba da wata buƙatar za ki buɗe ta ba."

Ranar Dufie ba ta iya cin abinci ba.

Zakara na yin cara Mama ta tashe ta. Ta sa ta wanke fuska, ta ɗaura zane mai kyau, kamar mai zuwa gidan mutane. Suka zauna a bakin ƙofa, gari bai gama wayewa ba. Dufie ta buɗe tsohuwar tambayarta. Ta nemo amsar Kawu Bempa, ta danna koriyar alama. Nan take amsar ta hau sama. Abin da bai fi ƙiftawar ido ba, shi ne ta kasa yi tun farko.

Sannan ta rubuta:

"Kawu Bempa, ina kwana. Ni ce Dufie ta Mampong. Na zo godiya, ko da yake na makara ƙwarai. Abin da ka faɗa mini shi na yi, kuma washegari Sika ta warke. Ban ba ta kafso ba, ban ba ta manja ba. Ka bar aikinka ka zauna da ni har la'asar, ni kuma na tafi wasa. Na yi laifi. Na gode, Kawu. Jama'ar dandali, don Allah ku taya ni gode masa."

A ƙasa ta ƙara, "Nimo, ka tambaye ni ban amsa ba. Da na sa alamar nan da wuri, da zomayenka suna nan. Ka yafe mini."

Ta tura. Ta je ta leƙa keji. Sika tana da rai, amma ta ƙara tuge gashin, tana ta zagaye da ciyawa a baki kamar mai neman hanyar gudu.

Rana ta fito. Mama ta tafi tasha, ta bar mata wayar. Can sai saƙo ya shigo, daga wata mata a Tamale. "Kawu Bempa, mun gode da abin da ka yi wa yarinyar nan. Ni ma bara ka cece ni, ban dawo na faɗa ba."

Sai wani ya biyo. Sai wata. Kafin hantsi mutane sun yi ta zuwa. Wasu suka koma tsofaffin tambayoyinsu suna sa koriyar alama. Wani ya turo hoton zomayensa, ya ce duk albarkacin Kawu ne. Likitan Zomaye dai ko tari bai yi ba.

Amma shi Kawu Bempa shiru.

Dufie ta zauna gaban keji, waya a cinya. Duk motsin da Sika ta yi sai ta leƙa. In ta kwanta, Dufie ta matso ta ga ko tana numfashi. Gwangwanin baƙin man yana nan a gindin bango, tana kallonsa tana kawar da kai.

Rana ta take tsaka sannan wayar ta yi ƙara. Ta ga sunan Kawu Bempa, ta buɗe da sauri.

"Dufie 'yata, tun safe wayata ke kuka a aljihu, har na ɗauka wani ne ya rasu. Na karɓi godiyarki. Da ma ba yabo nake nema ba, so nake in san ko Sika ta tashi. Yanzu na ga ɗaya tambayar taki. Kin shafa mata man?"

"A'a, Kawu."

"Madalla. Zubar da shi nesa. Tana ɗaukar ciyawa a baki tana zagaye?"

"E, tun jiya."

"To, share hawayenki. Sika ba ciwo take yi ba. Haihuwa za ta yi. Gashin da take tugewa shimfiɗa take yi wa 'ya'yanta. Ki sa mata ƙaramin akwati da busasshiyar ciyawa, da ruwa da yawa. Ki rufe gefen kejin da buhu, ki daina leƙe. Da kin shafa man nan, da ta lashe shi, da mun yi asarar uwa da 'ya'ya."

Dufie ta karanta, ta sake karantawa. Ta yi dariya, ta yi kuka, duk a lokaci ɗaya. Da ta kai wa Malam labari sai ya dafe kai. Ya ce lallai kafin hutu, da ake gyaran keji, Sika ta yi kwanaki a cikin zomayen mai gadin makaranta.

Washegari da sassafe Dufie ta ɗaga buhun a hankali. A cikin akwatin, ƙarƙashin farin gashi, wasu 'yan abubuwa jajaye suna motsi. Sika tana gefe tana cin ciyawa hankali kwance.

Wannan karon ba wanda ya tuna mata. Kafin ta sha koko ta ɗauki hoto daga nesa, ta tura dandali. Ta sa wa amsar Kawu koriyar alama, ta rubuta duk abin da ta yi daki-daki, don wanda zai zo bayanta.

Da aka koma makaranta, yara suka yi ta ihun murna a bayan aji. Malam Gyasi ya sa Dufie ta tsaya gaban allo ta ba da labari. Ba ta ɓoye komai ba, har da na Nimo. Sai ƙawar nan tata ta ɗaga hannu.

"Malam, in 'ya'yan sun yi wayo, mu ba Nimo biyu mana."

Kowa ya yarda. Da suka isa yaye, Malam ya sa biyu a kwali mai huji, ya ba wani direban motar Sunyani da ya sani. Da yamma saƙo ya shigo wayar Mama, da hoton wani yaro rungume da kwali.

"Yaya Dufie, sun iso lafiya. Na yafe miki tun ranar da kika rubuta. Gobe da asuba zan shiga dandali in gode wa 'yan ajinku."

Dufie ta karanta wa Mama. Mama ta ce, "Kin gani? Shi ba sai an tashe shi ba."

Yara, duk wanda ya amsa muku tambaya a intanet mutum ne kamar ku, ya bar aikinsa ne ya taimake ku. Ku koma ku gode masa. Ku faɗi abin da ya yi muku aiki, ku sa masa alama inda kowa zai gani. Godiyarku tana ƙarfafa mai taimako, kuma tana nuna wa na bayanku hanya.